Wai kaskar jikin jemage za ta iya nuna asalinsa?

Wace irin kaska ake nufi, irin ta shanu?

A'a ba ita ba ce, 'yan uwanta ne dai ƙanana ƙwarai masu ƙafa takwas, danginsu ɗaya da ƙwaron da ke kawo ƙazwa. Gida biyu aka fi maganarsu. Akwai Spinturnicidae, su a fatar fiffike da ta wutsiya suke zama suna shan jini, in ka buɗe fiffiken jemage ka haska fitila za ka hange su sun baje ƙafafu sun lafe da fatar, jikin a shimfiɗe, ga farata masu kama abu gam, shi ya sa duk kaɗa fiffiken da yake yi a sama ba sa faɗowa, girmansu kuma kusan milimita 1 ne. Sai Myobiidae da suka fi su ƙanƙanta, su a cikin gashi suke, ƙafafunsu na gaba ma sun rikiɗe sun koma abin maƙale silin gashi.

To meye haɗinsu da rarraba jemagu gida-gida?

Nan ne fa abin yake da daɗi. Kaskar fiffike ba ta tashi, ba ta tsalle, in ta rabu da jikin jemage ba ta daɗewa take mutuwa. Ko ƙwai ba ta sakawa a waje, a cikinta yake ƙyanƙyashewa ya ɗan girma sai ta haife shi da rai a kan fiffiken, ya kama shan jini. Kenan hanyarta ta komawa wani jikin ɗaya ce tal, sai jiki ya taɓa jiki, uwa da ɗanta wajen shayarwa, ko lokacin barbara, ko in sun cure waje ɗaya a makwanci. To in haka ake ta yi shekaru miliyoyi, duk sanda zuriyar jemagu ta rabu biyu ita ma kaskar sai ta rabu da 'yan uwanta, kowace ta bi nata tana canzawa a hankali. Abin ya zama kamar gado, wanda ka ga yana riƙe da shi ka san ɗan gidan ne. Wani Bajamushe Heinrich Fahrenholz ya kawo wannan tunanin tun 1913, shi a kan kwarkwata ya yi aikinsa, daga baya aka jarraba a kan sauran ƙwari masu zama a jikin dabba.

An taɓa amfani da hakan da gaske ko magana ce kawai?

Sosai ma. Kaskar da ake kira Periglischrus a jemagun yankin Amurka masu ganye a hanci (wata fata ce mai kama da ganye) ake samunta, Meristaspis da Ancystropus kuma sai a masu cin 'ya'yan itace na Afirka da Asiya. Labarin da ya fi burge ni shi ne na jemagu masu shan jini, da can an ware musu gida nasu daban saboda haƙoransu da cimarsu ba su yi kama da na kowa ba, sai a 1967 Carlos Machado-Allison na Benezuwela ya nuna cewa Periglischrus ce a fiffikensu, wato ta masu ganye a hanci, don haka 'yan gida ɗaya ne. A aikin nan dai ya ce jemagun da ake kira Pteronotus da aka cusa cikin masu ganyen hancin kaskarsu daban take, Cameronieta, ya kamata a fitar da su. A 1972 aka ba su gidansu Mormoopidae, kuma da binciken ƙwayar halitta ya zo duka biyun ya gaskata shi. Kimito Uchikawa na Japan shi ma ya yi shekaru yana irin wannan aikin da kaskar gashi.

Ba ta taɓa yaudarar mutum?

Tana yi mana. Jemagu iri-iri kan kwana a kogo ɗaya, wani lokaci a jikin juna, sai kaska ta tsallaka. Misali kaskar Spinturnix myoti ana samunta a jemagu iri biyu, Myotis myotis da Myotis blythii, kenan ba za ta raba maka su ba. Sannan akwai sakacin masu bincike, in ka zuba jemagu biyu daban a jaka ɗaya ka gama ɓata bayanin, dole kowane da jakarsa da kwalbarsa. Wasu kaskar kuma irin Macronyssidae suna sauka su zauna a bangon makwanci, waɗannan shaidarsu ba ta kai ta sauran ƙarfi ba.

Yanzu da ake da gwajin ƙwayar halitta, akwai sauran amfaninta?

Ni dai a ganina akwai, kuma ina jin takaicin yadda masu wannan fannin suke ƙaranci. Jemagu sun haura iri 1,400, da yawansu a ido ba ka bambance su, to in gwaji ya ce waɗannan biyun daban suke sai ka duba ka ga kaskarsu ma daban, ka samu shaida ta biyu da ba ta dogara da ta farkon ba. Kuma ita kaskar kanta yanzu ana gwada ƙwayar halittarta, da yake tana hayayyafa da sauri fiye da jemagen, tana iya nuna wane garke ne ya gauraya da wane a 'yan shekarun nan, abin da jinin jemagen bai kai ga nunawa ba tukuna.