Tallafin korona ga manoman Amurka: ba kowa aka ba dala 250,000 ba

Lokacin da gwamnatin Amurka ta buɗe rajistar CFAP, shirin tallafa wa manoman da korona ta jawo wa asara, ranar 26 ga Mayun 2020, zance biyu suka yi ta yawo. Wasu na cewa kowane manomi za a danƙa masa dala 250,000. Wasu kuma na tsorata mutane cewa bashi ne, da zarar korona ta lafa gwamnati za ta biyo gona. Duka biyun babu ƙamshin gaskiya a cikinsu.

Dala biliyan 16 aka ware don biyan manoma kai tsaye, wani kaso daga dokar CARES da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 27 ga Maris. Tallafi ne, ba a mayarwa, kuma ba a biya ko sisi wajen cike takarda ba. An buƙaci manomi ya tuntuɓi ofishin FSA na gundumarsa, wato reshen Ma'aikatar Noma, kafin 28 ga Agustan 2020, wa'adin da daga baya aka ƙara zuwa 11 ga Satumba. Shirin na wanda ke noma ko kiwo a cikin Amurka ne. Duk wanda ya turo maka adireshi ta WhatsApp ya ce ka biya kuɗin rajista, ɗan damfara ne.

Masu masara, waken soya, auduga, madara, shanu, tumaki, aladu da wasu kayan lambu suna ciki. Dala 250,000 ɗin kuwa iyaka ce da mutum ɗaya ba zai wuce ba, abin da kowa ya samu an lissafa shi ne da yawan amfanin gonarsa ko dabbobinsa. A karon farko ma kashi 80 cikin 100 aka biya, ragowar sai daga baya.

Inda rigimar take shi ne ranar 15 ga Afrilu. Makiyayin da ya sayar da ƙosassun shanun yanka tsakanin 15 ga Janairu da 15 ga Afrilu, dala 214 ya karɓa a kan kowane kai. Wanda shanunsa suka kai 16 ga Afrilu suna garke, dala 33 kacal. A ɗauki maƙwabta biyu, kowanne da shanu ɗari. Na farko ya loda nasa a mota ranar 14 ga wata, ya samu dala 21,400. Na biyu ya yi jinkirin mako guda, ya tashi da dala 3,300. Abin takaicin, jinkirin sau da yawa ba son ransa ba ne. A watan Afrilun ne cutar ta shiga manyan mahautan ƙasar, ma'aikata suka kwanta, aka rufe wasu, babu mai saye, dabba kuwa kullum sai ta ci. Wanda ya fi shan wuya shi aka ba kaɗan. Ni dai ban ga adalci a wannan layi da aka ja ba.

Akwai kuma sassaucin da manya suka samu. Wanda matsakaicin kuɗin shigarsa na 2016 zuwa 2018 ya haura dala 900,000 ba ya ciki, sai fa idan kashi 75 na kuɗin daga noma, kiwo ko gandun daji yake fitowa. Kamfani mai masu hannun jari uku, da kowannensu ya yi aikin sa'o'i 400 a harkar, an ba shi damar kaiwa dala 750,000.

Tsoron da ya kamata a ji a lokacin yana wajen cike takardar. Manomi da kansa yake rubuta adadin dabbobinsa da abin da ya sayar, ba a neman rasit a ranar, shi ya sa wasu suka ga kamar banza ta faɗi. Amma an wajabta masa adana takardun shaida har shekara uku, domin ana iya kiransa bincike. In aka tarar an biya shi fiye da haƙƙinsa, zai mayar da rarar. In kuma da gangan ya shara ƙarya, wannan laifi ne a dokar tarayya da ke iya kai mutum ɗaurin shekara biyar.