Dokar hular kwano: abin da ta ce da haɗurran da suka haife ta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi mai cunkoso ya ga irin wannan: mai babur ya rataye hular kwano a hannu ko ya ɗora ta kan tankin mai, sai ya hango jami'an hanya ya yi wuf ya kifa ta a ka, igiyar tana reto a gefen kunne. Da ya wuce su, hula ta koma inda ta fito. A wurinsa maganin tara ce kawai. Ba na ganin laifinsa gaba ɗaya, don galibi an nuna masa hukuncin dokar ne ba a taɓa zaunar da shi an faɗa masa dalilinta ba. Alhali kowane sharaɗi da ke cikinta, wani ne ya biya shi da ransa kafin a rubuta.

Kowace ƙasa da nata rubutun, amma Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ma'aunin da take gwada su da shi. A wurinta dokar hula ba ta cika ba sai ta hau kan direba da wanda ya goya, ta yi aiki a kowace irin hanya ta birni ko ta ƙauye, ta shafi kowane girman inji, ta ce a ɗaure hular, sannan ta ambaci ingancin da hular za ta kai. Ƙasashe da yawa suna da doka a takarda amma sun tsallake ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan, kuma ta wannan ɓarakar mutane ke mutuwa. Hukumar ta ƙiyasta cewa haɗarin hanya yana cin rayuka kusan miliyan 1.19 duk shekara, masu babur na cikin waɗanda abin ya fi shafa, kuma raunin kai shi ne kan gaba wajen kashe su.

Asalin maganar ya koma watan Mayu na 1935, lokacin da T. E. Lawrence, tsohon hafsan sojan Birtaniya, ya kauce wa wasu yara biyu a kan kekuna a yankin Dorset na Ingila. Babur ya watsar da shi, kansa ya bugu, bayan kwana shida ya mutu. Cikin likitocin da suka duba shi akwai Hugh Cairns, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, Cairns ya lura sojojin da ke kai saƙo a kan babur suna mutuwa da yawa ba tare da abokin gaba ya harba ko harsashi ɗaya ba. Ya bi gawarwaki da majinyata, ya rubuta abin da ya gani, a watan Nuwamba na 1941 rundunar sojan Birtaniya ta wajabta wa masu baburanta hula. Waɗanda ba sojoji ba kuwa sun daɗe suna jira. Jihar Victoria ta Ostareliya ce ta fara tilasta wa kowa a 1961, Birtaniya kanta sai a 1973, bayan shekara uku ta ɗauke wa mabiya addinin Sikh masu naɗa rawani.

Me hular ke yi? Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi da ke zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai. Idan kai ya daki kwalta, ƙashi yana tsayawa nan take, ita kuwa tana ci gaba da tafiya har ta bugi bangon ciki, jijiyoyi su tsinke, jini ya taru. Ɓawon hula na waje aikinsa baza ƙarfin bugun da hana abu mai tsini shiga. Babban aikin yana wurin farin soso mai tauri da ke ciki, irin wanda ake shimfiɗa wa kayan lantarki a kwali. Shi ne ke murƙushewa ya tsawaita lokacin tsayawar kai da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma wannan ɗan jinkirin ne ke raba jiri da suman da ba a farfaɗowa. A 2008 masana na Cochrane, ƙungiyar da ke tantance binciken lafiya, sun tattara bincike masu yawa suka gano hula na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69.

Daga nan za a gane abin da ya sa doka ta nace a kan inganci. Hular leburan gini an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, ba ta da wannan soson. Haka hular roba mai arha da aka ƙera don kama da ta gaske. Ƙa'idar da ƙasashe da yawa ke bi ita ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 22. A gwajinta ana saka wa hula kan ƙarfe mai na'urar awo, a sako ta kan maƙera da gudun mita 7.5 a daƙiƙa, wato kimanin kilomita 27 a awa, a auna ƙarfin da ya isa ciki. Ana jan igiyar a ga ko za ta tsinke, ana fizgar hular daga ƙeya a ga ko za ta fita. Sabon zubin ƙa'idar, 22.06, ya ƙara gwajin bugun karkace, saboda an gano murɗewar kai farat ɗaya tana yi wa ƙwaƙwalwa ɓarna ta daban. Hular da ta ci jarrabawa za ka ga an ɗinka mata alama a jikin igiya: harafin E da lamba a cikin da'ira. Amurka na da tata alamar, DOT, Indiya na da ISI. Ana jabun alamu, gaskiya ne, don haka sa hannu ka taɓa: in soson ciki siriri ne ko yana lotsewa da yatsa kamar katifa, ajiye ta.

Wani zai ce kilomita 27 ai ba gudu ba ne. To, ko a tsaye kake, kan da ya faɗo daga tsayin mita ɗaya da rabi yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 20 a awa. Gudun da babur ke yi gaba yawanci jan jiki a kwalta yake jawowa, sai fa in an daki wani abu a tsaye. Shi ya sa "nan kusa zan je" ba uzuri ba ne a dokar da ta cika.

Maganar ɗauri ita ce ta fi ba ni haushi, don ba ta cin ko sisi. Hular da ba a ɗaure ba tana barin kai tun a bugun farko, kafin kai ya kai ƙasa. Biyetnam ta koyi wannan a aikace. A ranar 15 ga Disamba 2007 ta fara tilasta hula a duk hanyoyin ƙasar, ta ɗaga tara, ta zuba 'yan sanda a tituna, kuma cikin kwana ɗaya kusan kowa ya bayyana da hula, abin da har yau ake ba da misali da shi. Sai dai da farko ba a tanadi hukunci ga wanda bai ɗaure ba, babu kuma hanyar hukunta babban da ya goya yaro babu hula, ga kasuwa ta cika da huluna marasa inganci masu kama da hanasallah. Dole aka dawo aka riƙa toshe ɓarakar ɗaya bayan ɗaya. Awon ɗauri mai sauƙi ne: yatsa biyu kawai za su shiga tsakanin igiya da haɓa, in ka kama hular daga ƙeya ka turo ta gaba kada ta fita.

Akwai masu cewa kaina ne, ina ruwan hukuma. Amurka ta gwada wannan ra'ayin, kuma sakamakonsa a rubuce yake. Bayan dokar tsaron manyan hanyoyi ta 1966, gwamnatin tarayya ta yi barazanar rage wa jihohi kuɗin hanya in ba su kafa dokar hula ba, zuwa 1975 jihohi 47 sun kafa. A 1976 majalisa ta janye barazanar, jihohi da dama suka soke ko suka sassauta, mace-mace suka ƙaru. Florida ta sassauta tata a 2000, ta ce wanda ya kai shekara 21 kuma yana da inshorar jinya ta dala 10,000 yana iya hawa babu hula. Da hukumar tsaron hanya ta ƙasar ta gwada shekara uku kafin canjin da uku bayansa, mutuwar masu babur a jihar ta ƙaru da kashi 81 cikin ɗari, a ƙasa baki ɗaya kuwa kashi 48. Har matasan da dokar ba ta sake wa mara ba sun rage sakawa, don ɗan sanda ba ya iya gane shekarun mutum daga nesa. Kai naka ne, amma mai jinyar wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu shekara da shekaru ba shi ne ya yi zaɓin ba.

Hula dai ba ta hana haɗari, rage ɓarnarsa take yi. Sauran dokokin babur sun fito ne daga wani irin aiki na daban, wato zuwa wurin haɗari da ma'auni da littafi, a tambayi yadda aka yi maimakon wa za a kama. Mafi shahara shi ne na Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda ya fito a 1981 bayan tawagarsa ta binciki haɗurra 900 a yankin Los Angeles. Abin da suka gano ya saɓa wa zaton jama'a. Kusan kashi uku cikin huɗu na haɗurran karo ne da wani abin hawa, kuma a biyu cikin uku na waɗannan mai motar ne ya shiga hannun mai babur, galibi a mahaɗa, yana karya kwana a gabansa, ya ce bai gan shi ba. Gudun tsaka-tsaki lokacin karon bai wuce kilomita 35 a awa ba. Mai babur kan samu ƙasa da daƙiƙa biyu ya yi wani abu, kuma da yawa sukan danne birkin baya har taya ta ja, su bar na gaba wanda shi ne ya fi tsayar da mashin. Fiye da kashi 90 cikin ɗari ba su taɓa samun horo ba, da kansu suka koya ko wurin aboki da ɗan'uwa. Binciken bai sami shaidar cewa hula na toshe ji ko tana karya wuya ba, zarge-zarge biyu da har yanzu ake yawo da su. Ƙa'idar ƙera hula ma ta wajabta a bar wa ido filin gani na digiri 105 ta kowane gefe.

Dubi yadda wannan ya koma doka. Tunda matsalar rashin gani ce, ƙasashe suka ce a kunna fitilar babur da rana. Malesiya ta yi haka a 1992, Indiya kuma daga Afrilun 2017 ta ce sababbin babura su fito da fitilar da ke kamawa da zarar an tayar da inji. Wanda ke ɗaga maka hannu da rana yana nuna ka manta fitila a kunne, alheri yake nufi, amma bar ta. Tunda hannu na rikicewa a kan birki, Tarayyar Turai ta wajabta birkin ABS, mai hana taya cijewa, ga sababbin samfuran baburan da injinsu ya haura cc 125 daga 2016, Indiya ta bi sahu. Akwai kuma lasisi mai matakai, inda sabon shiga ke farawa da ƙaramin inji.

William Haddon, likitan da ya fara shugabantar hukumar tsaron hanya ta Amurka, shi ya koya wa masu bincike su raba kowane haɗari gida uku: kafin karo, lokacin karo, bayan karo, a kowanne a dubi mutum da abin hawa da hanya. Suwidin ta ɗauki wannan tunanin ta kai shi ƙarshe a 1997, majalisarta ta amince cewa ɗan'adam zai yi kuskure ko ta yaya, don haka alhakin masu tsara hanya ne kada kuskuren ya zama ajali. A ganina nan ne ƙasashe da yawa suka fi rauni. Takardar haɗari da aka rubuta wa "ganganci" kawai ba ta koya wa kowa komai. In mutum biyar sun faɗi a kwanar hanya guda cikin shekara, a je a dubi kwanar: yashi ne, rami ne, ko allon talla ne ya tare gani?

Gida na uku, bayan karo, shi ne wanda kowa zai iya tsintar kansa a ciki. Tsoron zama shaida ko a ɗora wa mutum laifi yana sa jama'a su yi cirko-cirko suna kallo. Indiya ta magance wannan da doka: kotun ƙolinta a 2016, sannan gyaran dokar ababen hawa na 2019, sun ba wanda ya taimaki mai rauni kariya daga tuhuma da tilasta masa bayyana kansa. In ka isa wurin, fara tare motocin da ke tahowa, ka kira agaji, ka danne inda jini ke zuba da ƙyalle mai tsabta. Kada ka ciccibe shi ka zaunar, kada ka ba shi ruwa, kada kuma ka fizge hular, don wataƙila ƙashin wuya ya taɓu. Ana cire ta ne kawai in ba ya numfashi ko amai na shaƙe shi, shi ma mutum biyu, ɗaya ya riƙe wuya da haɓa, ɗayan ya zare a hankali. Wanda ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce lafiyarsa lau, in kansa ya bugu a kai shi asibiti, jinin cikin ƙoƙon kai kan ɗauki awanni kafin ya nuna.

Ita kuma hular da ta sha bugu ta gama aiki ko da babu tsagewa a waje, don soson da ya murƙushe ba ya dawowa. A yanke igiyarta kafin a jefar, kada wani ya tsinta ya kai kasuwa.