Ƙwayoyin Mauthner da zaburar kifi

Ƙwayoyin Mauthner wasu manyan ƙwayoyin jijiya ne guda biyu da ke gindin ƙwaƙwalwar kifi, inda take haɗuwa da laka, ɗaya dama ɗaya hagu. Su ne ke sa kifi ya zabura idan ya firgita. Ludwig Mauthner, likitan ido a Viyena ta ƙasar Ostiriya, shi ya fara bayyana dogayen jijiyoyin da ke fita daga cikinsu a 1859. Akwai su a yawancin kifaye da ƴaƴan kwaɗi.

Kowace ƙwaya tana da manyan rassa biyu na karɓar saƙo. Ɗaya yana karɓa daga kunne da layin gefen jiki mai jin motsin ruwa, ɗayan daga ido. Jijiyar kunne ta manne da ƙwayar har lantarki yana ratsawa kai tsaye, shi ya sa babu jinkiri. Tarwaɗa ma tana da ƙananan ƙasusuwa da suka haɗa jakar iskarta da kunne, jinta ya fi na karfasa.

Doguwar jijiyar da ke fita daga ƙwayar tana tsallakawa ɗaya ɓangaren kafin ta gangara cikin laka. Don haka idan birgin masunci ya faɗa ruwa ta dama a tafkin Madarunfa, ƙwayar dama ce ke harbawa, wato ta aika saƙo, tsokokin hagu su tsuke gaba ɗaya, jiki ya lanƙwashe kamar harafin C, kai ya juya daga haɗarin. Sai wutsiya ta doka, kifin ya wuce. Harbi ɗaya tak ya isa, kuma lanƙwasar tana somawa cikin kusan kashi 10 cikin 1,000 na sakan.

Abin sha'awa shi ne birkin. Da ƙwayoyin biyu za su harba tare, tsokar dama da ta hagu za su ja juna kifin ya sandare. Saboda haka wadda ta riga harbawa tana danne ƴar'uwarta, ta kuma danne kanta, ta hanyar sinadarin gilaisin da wani birki na lantarki. Idan aka lalata ƙwayoyin, kifi yana iya gudu da wasu jijiyoyi, amma a makare.

Saurin yana da illarsa, don da zarar ƙwayar ta harba ba a fasawa. Wani masanin kimiyya, Kenneth Catania, ya nuna a 2009 cewa wani macijin ruwa na kudu maso gabashin Asiya yana motsa tsakiyar jikinsa da gangan, kifin ya zabura ya juya zuwa bakinsa.