Bizar karatu a ƙasar waje: sharuɗɗan da ke riƙe da ita

Ɗalibi zai iya buɗe fasfonsa ya ga bizarsa da sauran shekara biyu, alhali a wajen hukumar shige da fice ta ƙasar da yake karatu tuni izinin zamansa ya faɗi. A Amurka akasin haka ma yana faruwa: wa'adin da ke jikin bizar F-1, wato bizar ɗalibai, zai iya cika ɗalibi yana cikin ƙasar kuma bai yi laifin komai ba, muddin takardarsa ta I-20, wadda makaranta ke bayarwa shaidar shi ɗalibinta ne, tana aiki, shi kuma yana kan karatunsa. A can biza ta shiga ce kawai, abin da ke riƙe mutum bayan ya shiga shi ne matsayinsa na ɗalibi. A Birtaniya da Ostireliya ranar ƙarewar biza ita ce ranar ƙarewar izinin zama. Amma duk ƙasashen sun haɗu a kan abu guda: an ba ka izini ne domin karatu, kuma ranar da karatun ya tsaya ko ya sauya ba bisa ƙa'ida ba, izinin ya fara rawa.

Wanda ke sa ido a kanka kullum ba jami'in filin jirgi ba ne, makarantarka ce. A Amurka kowace makarantar da ke karɓar baƙin ɗalibai tana da jami'an da ke shigar da bayanansu cikin rumbun gwamnati mai suna SEVIS. A Birtaniya jami'ar da ta ba ka lambar CAS, wato shaidar ta karɓe ka karatu, ita ta tsaya maka, kuma lasisinta na ɗaukar ɗaliban waje ya dogara da kai rahoton duk wanda ya daina zuwa aji ko ya ajiye karatu. Don haka kada ka sa ran za a rufa maka asiri saboda tausayi. Ma'aikacin ofishin ɗaliban ƙasashen waje zai iya jin zafin halin da kake ciki, amma doka ta ɗaure masa hannu.

Sharaɗi mafi nauyi shi ne cikakken karatu, kuma nan ne mutanen kirki suka fi faɗawa cikin matsala ba da niyya ba. Ɗalibin digirin farko a Amurka sai ya yi rajistar kwasa-kwasan da nauyinsu ya kai maki 12 a kowane zango, kuma daga ciki kwas ɗaya tak, ko maki 3, ake yarda ya zama na intanet. A ce ɗalibi ya ɗauki kwas huɗu, kowanne maki 3. Tsakiyar zango lissafi ya gagare shi, ya ga idan ya ci gaba zai faɗi, sai ya shiga shafin makaranta da dare ya cire kwas ɗin, kamar yadda ya ga abokansa 'yan ƙasa suna yi. Su ba abin da zai same su. Shi kuwa ya koma maki 9, kuma daga wannan daren ya karya sharaɗin zamansa. Abin takaicin shi ne doka ta tanadi mafita: ana iya rage wa ɗalibi nauyin karatu saboda rashin lafiya idan akwai takardar likita, har tsawon wata 12, ko saboda wahalar sabawa da harshe da tsarin koyarwa a farkon zuwa, ko idan zangon ƙarshe ne kuma abin da ya rage masa bai kai maki 12 ba. Sai dai izinin yana zuwa ne kafin a cire kwas, ba bayan an cire ba. Na fi jaddada wannan fiye da komai, domin aiki ɗaya ne, da sa hannun jami'i halal ne, babu shi laifi ne.

Canza makaranta ma haka. Tun Nuwamban 2024, ɗalibin gaba da sakandare a Kanada da zai koma wata makaranta sai ya nemi sabon izinin karatu. A Ostireliya ba a barin makaranta cikin wata shida na farkon babban kwas sai da sallamarta.

Sai batun aiki, inda matsin rayuwa ke tura ɗalibai. Ɗalibin digiri a Birtaniya yana da awa 20 a mako lokacin da ake karatu, kuma mako a dokarsu daga Litinin ne zuwa Lahadi. Ba a haɗa makonni a raba: wanda ya yi awa 25 wannan mako da awa 15 mako mai zuwa ya karya doka a makon farko. Haka kuma an hana shi sana'ar kansa, wato aikin da ba ma'aikacin kowa ba ne shi, kuma yawancin aikin kai saƙo ta manhajar waya a wannan rukuni yake. A Amurka awa 20 ɗin a cikin harabar makaranta ne kawai, aiki a waje sai da izini na musamman. Kanada ta tsayar da awa 24 a mako a wajen makaranta tun ƙarshen 2024, Ostireliya awa 48 a mako biyu, Jamus kuwa kwana take ƙirgawa: cikakkun kwanaki 140 ko rabin yini 280 a shekara. Ana yawan ce wa sabon zuwa, "Kowa yana yi, ba wanda zai sani." Albashi yana barin sawu a banki da ofishin haraji, kuma a Amurka wanda aka samu da aiki ba izini ba ya cikin waɗanda ake maido wa matsayinsu.

Ranakun ƙarewa kuwa su ne waɗanda ya kamata a rubuta a inda ido zai riƙa gani. Idan bincike ya ja ko an maimaita kwas, ranar kammalawa da ke kan I-20 ba ta matsawa da kanta, kuma ba a tsawaita ta bayan ta wuce. A Kanada wanda ya nemi sabuntawa kafin izininsa ya ƙare yana ci gaba da karatu har a amsa masa. Wanda ya makara yana da kwana 90 na neman a maido masa matsayi, amma ba karatu ba aiki a tsakani. A duba fasfo ma, domin ƙasashe da dama ba sa ba da izinin da ya zarce wa'adinsa.

Tafiya gida hutu tana da nata ƙa'idojin. Mai F-1 yana buƙatar sa hannun jami'in makaranta a kan I-20 kafin ya dawo, kuma sa hannun shekara ɗaya yake yi. Idan bizarsa ta ƙare yana cikin ƙasar, da zarar ya fita sai ya nemi sabuwa a ofishin jakadanci. Wanda ya wuce wata biyar a waje ba tare da karatu ba yakan sake farawa da sabuwar takarda. A Jamus izinin zama yakan mutu idan mutum ya wuce wata shida a waje bai nemi ƙarin lokaci ba.

Akwai ƙananan abubuwa da ake rainawa. Sauya gida sai an sanar, cikin kwana 10 a Amurka, kwana 7 a Ostireliya, inda inshorar lafiya ma sharaɗin biza ce. Imel ɗin da ka ba hukuma kuma ka riƙa buɗe shi: idan jami'a a Birtaniya ta janye tsayawar da ta yi maka, yawanci ana rage izininka zuwa kwana 60, kuma ta saƙo za a sanar da kai, ko ka karanta ko ba ka karanta ba.

Idan har an riga an yi kuskure, ɓuya ita ce mafi muni. A Amurka ana neman maido da matsayi ne cikin wata biyar da faɗuwarsa, kuma ana duba ko abin da ya faru ya fi ƙarfin ɗalibi. Ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje tun da wuri, da takardun likita ko duk wata shaida da kake da ita, ka nemi a rubuta maka amsar da aka ba ka. Waɗannan alƙaluma gwamnatoci suna sauya su, wasu sau biyu a shekara guda, shi ya sa abin da ya yi wa wanda ya riga ka zuwa aiki ba lallai ya yi maka ba. Kafin ka cire kwas, ka karɓi aiki, ko ka yanki tikitin tafiya, ka tambayi ofishin, ka kuma duba shafin hukumar shige da ficen ƙasar a ranar da za ka yanke shawara.