Ɗaukar hoton allo ta layin umarni

Ɗaukar hoton allo ta layin umarni hanya ce ta adana abin da ke bayyane a fuskar kwamfuta ko salula cikin fayil na hoto, da rubuta umarni maimakon danna maɓalli. An fi buƙatarta inda hannu ba ya kaiwa, kamar na'urar da ke nesa, ko hoton da ake so a riƙa ɗauka duk bayan ƴan mintuna ba tare da mutum na zaune ba.

Tarihi

Tushen abin yana cikin tsarin X Window mai nuna tagogi a allon kwamfuta, wanda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, sigarsa ta 11 kuma ta fito a 1987. Tsarin na zuwa da ƙaramar manhaja mai suna xwd. In aka rubuta `xwd -root -out allo.xwd`, sai ta kwashe allon gaba ɗaya. Fayil ɗin yana da nauyi don ba a matse shi ba, kuma manhajoji kaɗan ne ke iya buɗe shi, sai an juya shi zuwa wani tsari.

ImageMagick ce ta rage wannan wahala. John Cristy ya ƙirƙire ta a kamfanin DuPont a 1987, aka sake ta ga jama'a a 1990. Umarninta `import -window root allo.png` yana duba ƙarshen sunan fayil ya gane irin hoton da ake so. Shi kansa PNG, tsarin fayil na hoto da sunansa ke ƙarewa da .png, sai a 1996 ya tabbata, bayan rigimar haƙƙin mallaka kan dabarar matsewa ta LZW da GIF ke amfani da ita. Ya dace da hoton allo ƙwarai, domin ba ya dusashe rubutu kamar yadda JPEG kan yi.

Wajen shekarar 2000 Tom Gilbert ya rubuta scrot, wadda ba ta da wani aiki sai wannan. Da `-d 5` tana jiran daƙiƙa 5 kafin ta ɗauka, da `-s` kuma mutum ya ja linzami ya zaɓi yanki. In ba a ba ta suna ba, ita ke raɗa wa fayil suna da kwanan wata da lokaci da girman hoton.

Wayland

A tsarin X kowace manhaja na iya leƙa tagar ƴar'uwarta. Wayland, tsarin da aka yi don ya maye gurbin X, wanda Kristian Høgsberg ya fara a 2008, ya toshe wannan ƙofa saboda tsaro, shi ya sa tsofaffin umarnin kan fitar da baƙin hoto ko su ƙi aiki. A kan Sway, manhajar sarrafa tagogi ta Wayland, da danginsa ana amfani da `grim -g "$(slurp)" allo.png`. Har yanzu ana saɓani kan ko tsaron ya cancanci wahalar.

Sauran tsare-tsare

macOS na da `screencapture`. A Windows ana bi ta PowerShell ko ffmpeg.

A Nijar

Madannan kwamfuta na AZERTY da aka saba gani a ofisoshin Yamai suna da maɓallin Impr écran, wanda ya wadatar da yawancin mutane. Layin umarni ya fi yi wa mai kula da na'urori da mai gyaran salula rana. Wayar Android da gilashinta ya fashe ana iya ganin allonta da rubuta `adb exec-out screencap -p > waya.png` a kwamfutar da aka haɗa ta da ita, muddin tun kafin ta lalace an kunna izinin gyara ta USB, an kuma amince da kwamfutar. In ba haka ba, umarnin ba zai yi komai ba.

Kwamfutar da aka saita da Faransanci takan fara sunan hoton da Capture d'écran. Tazarar da ke cikin sunan da alamar da ke bayan d suna rikita layin umarni, sai an saka sunan duka tsakanin alamomin zance biyu, wato "...". Wanda ya shiga wata na'ura mai tsarin X daga nesa ta ssh, manhajar shiga kwamfuta ta hanyar sadarwa, sai ya sa `DISPLAY=:0` gaban umarnin, in ba haka ba manhajar za ta ce ba ta iya buɗe allo ba.