Melvins: Shekarun Farko a Montesano da Aberdeen

Melvins ƙungiyar makaɗa ce ta ƙasar Amurka wadda wasu samari uku suka kafa a shekarar 1983 a Montesano, wani ƙaramin gari da ke jihar Washinton. Waɗanda suka kafa ta su ne Buzz Osborne mai kaɗa jita da rera waƙa, da Matt Lukin mai jitar bes, da Mike Dillard makaɗin ganguna. Da salon hadko pank suka fara, wato kiɗa mai tsananin sauri da amo, kafin su juya su rage masa gudu, su ƙara masa nauyi, har ya zama wani abu dabam. Wannan juyin da suka yi tsakanin 1984 da 1987 shi ya sa ake ambatonsu a duk inda ake maganar asalin kiɗan giranj na birnin Siyatil, wato salon rok mai kaurin sauti da ya shahara a farkon shekarun 1990.

Garin da suka taso

Jihar Washinton tana can ƙuryar arewa maso yammacin Amurka, a gaɓar tekun Fasifik, kuma ba ta haɗa komai da birnin Washinton fadar gwamnati ba sai suna. Montesano ita ce hedikwatar gundumar Grays Harbor. Tana kusa da kogin Chehalis, kuma a wancan lokaci mutanenta sun ɗan haura dubu uku. Aberdeen, wadda ta fi ta girma, tana yamma da ita da tazarar kilomita ƙasa da 20. Ruwan sama a yankin yakan wuce milimita 2,000 a shekara, rana kuwa takan yi kwanaki ba a gan ta ba.

Katako shi ne abincin yankin. Mazan gari ko dai suna daji suna saran itatuwa, ko suna masana'antar yankan katako, ko suna tashar jiragen ruwa suna lodin gungume. A kusa da Montesano aka buɗe gonar itatuwa ta farko da aka yi wa rajista a Amurka, a 1941, kuma garin yana alfahari da hakan. Sai dai a farkon shekarun 1980 sana'ar ta shiga halin ni-'yasu. Kasuwar gine-gine ta faɗi, injuna sun ƙwace ayyukan da hannu ke yi, an rufe masana'antu. Ga kuma tashar wutar nukiliya da ake ginawa a Satsop, gabas kaɗan da garin, wadda ta ɗauki ma'aikata masu yawa: an soke ɓangare ɗaya a 1982, aka dakatar da ɗayan a 1983. Manyan hasumiyoyinta na nan tsaye har yau, ba su taɓa ba da wuta ba. Yaron da ya gama sakandare a gundumar a wannan tsakani ya tarar aikin da ubansa ya yi ba lallai ya jira shi ba.

Kafuwar ƙungiyar

An haifi Osborne a 1964 a Morton, wani garin katako da ya fi Montesano ƙanƙanta, iyayensa suka dawo Montesano yana ɗan yaro. A makarantar sakandaren garin ya haɗu da Lukin da Dillard. Da farko waƙoƙin manyan makaɗan rok na shekarun 1960 da 1970 suke kwaikwayo, irin su Jimi Hendrix da The Who, domin su ne abin da kowa ke ji a rediyo. Labarin pank ya iske Osborne ne ta hanyar mujallu da faya-fayan da ake aikowa ta gidan waya. A garin babu kantin da ke sayar da irin wannan kiɗa, babu gidan rawar da ke kawo masu yin sa. Wanda yake son ganin wasa sai ya nemi mota ya tafi Olympia, babban birnin jihar, ko ya zarce Siyatil.

Sunan ƙungiyar ya samo asali ne daga kantin Thriftway na Montesano, inda Osborne ya yi aiki. Akwai wani mai kula da ma'aikata a wurin, mai suna Melvin, da yaran kanti ba sa shiri da shi, sai suka ari sunansa suka laƙaba wa kansu don tsokana.

Abin da ake kira hadko

Pank ya fito ne a tsakiyar shekarun 1970 a biranen Niyok da Landan. Zuwa ƙarshen shekarun, samarin Amurka sun ɗauke shi sun ƙara masa wuta, aka sami reshen da ake kira hadko. Waƙa takan ƙare cikin minti ɗaya ko biyu, mawaƙi yana ihu, ganguna suna gudu kamar ana kora su. Black Flag daga kudancin Kaliforniya, da Bad Brains da Minor Threat daga birnin Washinton, su ne jagororinsa. Abin da ya fi sautin muhimmanci shi ne tsarin da ya zo da shi: ƙungiya ta buga faifanta da kanta, ta shirya wasanta a zauren haya ko garejin mota, ta buga takardar talla a injin kwafi, ba ta jiran babban kamfani ya lura da ita. Ga yaron ƙauye da ba shi da kowa a harkar kiɗa, wannan tsari ƙofa ce a buɗe.

Melvins sun shiga ta wannan ƙofa, kuma sun yi suna a yankin da cewa saurinsu ya wuce misali. A 1983 suka ɗauki waƙoƙinsu a wani ƙaramin situdiyo da ke Mud Bay kusa da Olympia. Babu kamfanin da ya karɓa. Kaset ɗin ya yi shekara 22 a ajiye, sai a 2005 kamfanin Ipecac ya fitar da shi da sunan Mangled Demos from 1983. A cikinsa har da wasan da suka yi a wani shirin Kirsimeti na gidan rediyon yankin, a zauren ƙungiyar Elks, gaban mutanen da suka zo jin waƙoƙin biki. Wanda ya saurari wannan faifai zai ji yara ne masu zafin hannu da suka iya abin da suka koya, amma har lokacin muryar wasu ce a bakinsu.

A wannan shekarar ce kuma suka yi wasan kyauta a filin ajiye motoci na bayan Thriftway. Cikin 'yan kallo akwai wani yaro ɗan shekara 16 mai suna Kurt Cobain, wanda ya yi zama a Montesano a wurin mahaifinsa. Daga baya ya rubuta a littafin ajiyar tunaninsa cewa a ranar ya gane abin da yake nema.

Zuwan Dale Crover da rage gudu

A 1984 Dillard ya bar ƙungiyar. Krist Novoselic, wani abokinsu ɗan Aberdeen, shi ya nuna musu Dale Crover, yaro haifaffen 1967 da ke kaɗa ganguna a wata ƙungiya mai kwaikwayon waƙoƙin Iron Maiden. Daga nan aka mayar da wurin atisaye zuwa wani ɗaki a gidan iyayen Crover a Aberdeen. Gidan ya zama majalisar samarin da ba su da wurin zuwa: su taru su saurari atisaye, su yi musayar kaset, su taya ɗaukar kaya. Osborne yakan haɗa wa na kusa da shi kaset na waƙoƙin Black Flag da Flipper da makamantansu, kuma ta wannan hanya kiɗan ya yaɗu a gari daga hannu zuwa hannu.

Crover daga kiɗan metal ya fito, dukansa mai nauyi ne, kuma ya iya riƙe lissafin kiɗa mai sarƙaƙiya. Zuwansa ya yi daidai da fitowar faifan Black Flag mai suna My War a watan Maris na 1984. Fuska ta biyu ta faifan waƙoƙi uku ne kacal, kowacce ta haura minti shida, kowacce tana tafiya a hankali kamar mai jan gungume. Masoya hadko da yawa sun ɗauki hakan a matsayin cin amana, domin a wurinsu jinkiri da nauyi kayan Black Sabbath ne da tsofaffin 'yan rok da suka yi wa tawaye. Osborne da abokansa kuwa sun ji hanya ce aka nuna musu.

A nan ne zaman ƙaramin gari ya yi musu rana. A manyan birane hadko ya riga ya kafa dokoki: irin askin da za a yi, irin tufar da za a sa, irin kiɗan da ya halatta a so. A Aberdeen babu mai tsare waɗannan dokoki. Yaran da ke taruwa a gidan Crover sun girma da Kiss da Black Sabbath da Led Zeppelin, ba su ga dalilin zubar da su don sun gano Black Flag ba. Melvins suka zuba duka a tukunya ɗaya. Suka sassauta tsirkiyar jita mafi kauri don sautin ya ƙara zurfi, suka bar amo guda yana ta gurnani har ya kusa mutuwa kafin su buga na gaba, suka cusa tsayawa da juyi a inda kunne bai zata ba. Zafin hadko yana nan yadda yake, gudun ne kawai aka cire, kuma da aka cire shi sai nauyin ya fito fili. Kim Thayil, makaɗin jitar Soundgarden, ya sha ambaton cewa a wurin Osborne ya ji labarin wannan ɗaurin tsirkiya.

Faya-fayan farko

Shekarar 1986 ce ta fito da su daga gunduma. Wani sabon ƙaramin kamfani a Siyatil mai suna C/Z, wanda Chris Hanzsek da Tina Casale suka kafa, ya tattara ƙungiyoyi shida a faifai ɗaya mai suna Deep Six: Green River, Soundgarden, Malfunkshun, Skin Yard, U-Men, sai Melvins da waƙoƙi huɗu. Faifan bai yi kasuwa ba a lokacin, amma yau ana lissafa shi cikin shaidun farko na giranj. Melvins ne kaɗai a ciki suka zo daga wajen yankin birnin. A shekarar dai kamfanin ya fitar musu da ƙaramin faifansu na kansu, Six Songs, wanda aka ɗauka kai tsaye suna kaɗawa tare. An yi ta sake fitar da shi da ƙarin waƙoƙi, sunan yana canzawa da adadinsu, har ya kai 26 Songs a 2003.

Wuraren wasa sun yi ƙaranci a wannan lokaci. A 1985 hukumar birnin Siyatil ta kafa wata doka da ta tsaurara sharuɗɗan shirya wasan da 'yan ƙasa da shekara 18 za su halarta, sai yawancin irin waɗannan wasanni suka koma Olympia da Tacoma. Rangadin da Melvins suka yi a faɗin Amurka a 1986 bai yi daɗi ba. 'Yan kallo sun zo neman gudu da turereniya, suka tarar da samari masu dogon gashi suna jan waƙa a hankali, kuma a wurare da dama an karɓe su da ƙiyayya. Sun dawo gida aljihu babu komai, amma ba su koma wa tsohon salo ba.

A watan Oktoba na 1986 suka sauka Sausalito a Kaliforniya suka ɗauki cikakken faifansu na farko, Gluey Porch Treatments, ƙarƙashin kulawar Mark Deutrom. Kamfanin Alchemy ya fitar da shi a 1987. Waƙoƙi 17 ne a ciki, yawancinsu gajeru irin na hadko, amma ta farkon ta haura minti shida, kuma mai sauraro zai daɗe yana jin bes da ganga suna rarrafe kafin murya ta shigo. Makaɗan da suka kafa salon metal mai kauri da jinkiri a birnin New Orleans, irin su Eyehategod, sun sha faɗin cewa daga wannan faifai suka ɗauki darasi.

Alaƙarsu da Nirvana

Cobain da Novoselic, waɗanda suka kafa ƙungiyar Nirvana, duka 'yan majalisar gidan Crover ne, kuma a wannan da'ira suka san juna. A tsakiyar shekarun 1980 Crover ya taya Cobain ɗaukar kaset na wata ƙungiya da ba ta yi nisan kwana ba, mai suna Fecal Matter. Ranar 23 ga Janairu, 1988, shi ya kaɗa wa Cobain da Novoselic ganguna a situdiyon Reciprocal na Siyatil, inda Jack Endino ya ɗauki waƙoƙi goma. Wasu daga cikinsu sun shiga faifan Nirvana na farko a 1989. A 1990 kuma Osborne ne ya haɗa su da makaɗin ganguna Dave Grohl bayan Scream, ƙungiyar da Grohl yake ciki, ta watse.

Wannan alaƙa ta ɗaga sunan Melvins, ta kuma rufe shi a lokaci guda, domin marubuta da yawa ba sa ambatonsu sai a matsayin share fagen labarin wani. Bai kamata a karanta tarihinsu haka ba: kafin Nirvana ta shiga situdiyo a karon farko, Melvins sun riga sun fitar da faifan da ya kafa salonsu. Osborne kansa ya sha cewa yawancin labaran da ake bazawa game da rayuwar Aberdeen ta wancan zamani an yi musu ƙarin gishiri.

Barin gida

A 1988 Osborne da Crover suka tattara suka koma San Faransisko. Lukin ya zauna a jihar Washinton, inda ya haɗu da Mark Arm da Steve Turner da Dan Peters suka kafa Mudhoney. Lori Black, 'yar tauraruwar fina-finai Shirley Temple, ta maye gurbinsa a bes, kuma da ita suka ɗauki faifai na biyu, Ozma, wanda kamfanin Boner ya fitar a 1989. Lokacin da kamfanonin kiɗa suka yi wa Siyatil tsinke a farkon shekarun 1990, Melvins sun shekara uku da barin jihar.

Mike Dillard ya ci gaba da zama a yankin da ya taso. Bayan shekara fiye da 20 ya sake zama a kan ganguna tare da Osborne, Crover kuma ya koma kan bes, suka fitar da Tres Cabrones a 2013 da Working with God a 2021. Wannan jeri na mutum uku suna kiran sa Melvins 1983.