Waiwaye: wa ke tsaya wa kayan Kano a kasuwannin waje?

Idan kaka ta yi, akwai manyan sito a Dawanau da za ka shiga ka tarar da mata zaune jeri-jeri, kowacce da faifai a cinya, suna tsintar zoɓo. Suna ware tsakuwa da ƙirare, ƙurar mai tsami tana sa baƙo tari tun daga bakin ƙofa. Yawancin wannan zoɓon ba a Kano za a sha shi ba. Za a ɗura shi a buhu, a loda a kwantena, tirela ta kai Legas, jirgin ruwa ya ƙetare da shi zuwa Meziko, inda suke jiƙa shi su sha da sanyi kamar yadda muke yi, sai dai su jamaika suke ce masa. Shekarun baya hukumomin Meziko suka ce sun ga ƙwaro a cikin kayan, suka rufe ƙofa. A kwanakin nan ne na zauna da wani dattijo mai sito, buhuna jibge a bayansa har rufi, ya dube ni ya ce: "Yaro, wai mu ba mu da kowa ne a can? Kakanninmu ko Gwanja suka kai kaya suna da mai gida."

Tambayar tasa tana da tushe. Tun kafin a san wani abu wai shi ofishin jakadanci, cinikin Kano da ƙasashen nesa a wuyan mutum yake rataye. Wangarawa sun iso daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, Muhammadu Rumfa kuma, 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi. Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna a cikin birni har unguwanni suka ɗauki sunansu: Dandalin Turawa, tun lokacin da Balarabe ake kira Bature, da Alfindiki, daga kalmar Larabci mai nufin masaukin fatake. Baƙon da ya iso da raƙumansa gidan fatoma yake sauka. Fatoma ya ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo dillali, ya yi masa tafinta, in bashi ya shiga tsakani ya tsaya masa, in magana ta kai gaban alƙali shi ne a gaba. Ladansa la'ada. Fataken Kano ma, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, abin da suke tararwa ke nan in sun kai Salaga sayen goro. A hanya kuwa madugu shi ne jakadan ayari, shi ke shiga fadar kowane sarki da gaisuwa ya sasanta kuɗin fito kafin jaki ɗaya ya wuce.

Jakadan gwamnati irin na zamani, wanda ƙasarsa ta ɗauki nauyinsa don ya buɗa mata kasuwa, daga waje ya fara zuwar mana. A watan Janairun 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, Hugh Clapperton ya shigo Kano a madadin gwamnatin Ingila, yana amsa sunan Abdullahi. Ya zaga Kurmi da alƙalaminsa. A nan ya sayi wata koriyar laima ƙirar Ingila a kan dalar Sifen uku, wato kayan ƙasarsu sun riga shi isowa ta Sahara. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinsa wata ƙa'ida ce ta masu tufafi: duk ƙunshin riga ko turkuɗi da aka sayar, ana rubuta sunan dillali a ciki. In an kai shi Borno aka kwance aka tarar da aibi, sai a dawo da shi, dillali ya nemo mai kaya, dokar Kano ta tilasta masa mayar da kuɗi. Shekara ɗari biyu ke nan. Abin da yau ake tara mutane a otal ana koya musu da sunan tabbatar da inganci da gano asalin kaya, Kurmi ta yi shi da tawada da guntuwar takarda.

Daga Kano Clapperton ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Suka yi maganar ciniki, da hana fitar da bayi, da aiko ƙaramin jakada da likita, Bello ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila George na huɗu. Da ya dawo a 1826 ya tarar Sakkwato da Borno suna yaƙi, shi kuma yana ɗauke da saƙo zuwa ga Shehun Borno. Zance ya lalace, ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1827.

Heinrich Barth, Bajamushen da ake kira Abdulkarim, shi ma Ingila ce ta aiko shi. Ya shigo Kano a Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman, kuma ban san wani baƙo da ya ƙirga mu kamar yadda ya ƙirga mu ba. Ya lissafa yadin Manchester, takubban Solingen, alluran Nuremberg, sukarin Faransa. Ya ƙiyasta tufafin da Kano ke saƙawa ta rina ta fitar duk shekara sun kai wuri miliyan 300, suna kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Ya duba takalma da jar fatar akuya, wadda Turawa ke kira fatar Maroko don ta can take bi ta isa gare su. Aikin jakadan kasuwanci ke nan a asalinsa: ya zauna a kasuwar wasu, ya san me suke saye, nawa, daga hannun wa, ya rubuta wa 'yan kasuwar ƙasarsa. A lura kuma da wa ya amfana. Rahoton Barth masaƙan Manchester ya yi wa aiki, ba marinan Ƙofar Mata ba. A 1885 Joseph Thomson ya zo neman yarjejeniya da Sakkwato da Gwandu a madadin kamfanin da ya zama Royal Niger Company a 1886. A Fabrairun 1903 masu zuwa da takarda suka zo da igwa.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suka sa a ransu, don masaƙunsu na Lancashire. Manoman Kano suka yi nasu lissafin. Gyaɗa ta fi kuɗi, tana shiga cikin gero da dawa a gona ɗaya, in kasuwa ta ƙi kuma a ci ta, auduga kuwa masaƙan gida sun fi Bature saye da daraja. Wa ya haɗa manomi da kamfanonin Turawa? Tsofaffin fataken goro, waɗanda suka san kowane ƙauye da mai unguwarsa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya yi fataucin goro har Ankara ta ƙasar Ghana kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa, kuma daga irin buhunansa aka fara ɗora dalar gyaɗa. Sai dai a wannan zamani an yanke wa Bakano hanya a tsakiya. Iyakarsa tashar jirgi. Daga Legas zuwa Liverpool kamfanin Bature ne, daga 1949 kuma hukumar sayen gyaɗa ce ke yanke farashi ta sayar a waje. Jikan madugu ya koma ɗan kamasho.

Da aka sami 'yanci a 1960 Najeriya ta buɗe ofisoshin jakadanci, kuma yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta sa haɓaka hulɗar tattalin arziki cikin aikin kowane jakada. Amma man fetur ya zo ya sangarta kowa. Ɗanyen mai ba ya bukatar talla, masu saye ne ke layi. Farin farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka rushe dalar gyaɗa, gwamnati ba ta ji a jikinta ba. Aka shiga kafa hukumomi: NEPC ta bunƙasa fitar da kaya a 1976, bankin NEXIM na masu shigo da kaya da fitarwa a 1991, NIPC ta jawo masu zuba jari a 1995. A tsakani, 1986, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, Janar Ike Nwachukwu kuma da yake ministan harkokin waje a mulkin Babangida ya riƙa yayata diflomasiyyar tattalin arziki, wato a auna jakada da cinikin da ya kawo. Daga 1999 Obasanjo ya mayar da kansa babban jakadan kasuwanci, kullum yana sama. An sami yafiyar bashin dala biliyan 18 a 2005, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a shekarar nan ɗin ce aka cire ƙayyade cinikin tufafi a duniya, yadin China ya kwararo, masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa da rashin wuta ya riga ya raunana suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kantin Kwari ta cika maƙil da atamfa, sai dai ba tamu ba.

Su waɗanda suka cika mana kasuwar, dubi yadda suke yi. 'Yan China sun zauna a Kano, sun koyi Hausar ciniki, sun san launin da matan Agadas ke so da wanda matan Marwa ke so. A 2019 har Sarki Muhammadu Sanusi na biyu ya naɗa ɗaya daga cikinsu Wakilin 'Yan China, da rawani da komai. Masu ƙorafi sun yi, amma ni abin da na gani tsohon tsarin Kano ne ya dawo: baƙi su sami mai magana da yawunsu a fada. Ingila kuma tun 2012, zamanin David Cameron, take naɗa 'yan majalisarta jakadun kasuwanci, kowa da ƙasar da aka damƙa masa, ba albashi, aikinsa ya ja tawagar kamfanoni ya buɗa musu ƙofar ministoci. Najeriya ta ga John Howell, ta ga Helen Grant, a Janairun 2025 aka naɗa Florence Eshalomi, wadda asalin iyayenta 'yan Najeriya ne. A Fabrairun 2024 ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar faɗaɗa ciniki da zuba jari. Ba laifi ba ne, kowa gonarsa yake nome. A can ma akwai masu tambayar ko waɗannan tafiye-tafiye na biyan kuɗin jirginsu, domin da wuya a nuna kwangila a ce ziyarar wane ce ta haife ta.

Mu fa? A watan Satumban 2023 aka kira kusan dukkan jakadun Najeriya gida, aka shafe shekara biyu ofisoshin suna hannun masu riƙo. A daidai lokacin shugabanni da gwamnoni suna ta zirga-zirgar neman masu zuba jari, a dawo da hotuna da takardun fahimtar juna da alƙaluman biliyoyi. Takardar fahimtar juna alkawari ne na za a yi magana, ba jari ba ce. Mai kuɗin da aka zauna da shi a Dubai ko Beijin zai aiko yaronsa Sharaɗa ya tambayi awa nawa ake samun wuta, kwana nawa kwantena ke yi daga Apapa, shinge nawa ne a hanya, in ya sami riba ta ina zai fitar da dalarsa. Babu daɗin bakin jakadan da zai amsa waɗannan. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, da tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a Janairun 2023, su ne za su amsa, ranar da suka kama aiki gadan-gadan.

Inda jakada ke da amfani na gaske wuri ne mara armashi, ba ɗan jarida ba jan kafet. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa, sinadarin nan da ke cikin fiya-fiya, wanda wasu ke yayyafa wa buhu don gudun ƙwaro. Kafin hanin an yi ta kama kaya ana gargaɗi. Da akwai mai zama a Brussels yana karanta waɗannan gargaɗi, yana aiko da su da Hausa zuwa Dawanau, da mai sito ya ji tun kafin ya yi asara. Zoɓon Meziko ma ba a wurin liyafa aka warware shi ba. Hukumar killace kayan gona ta Najeriya ce ta zauna da takwararta ta can, aka yarda da yadda za a riƙa turara kaya a kashe ƙwaro kafin lodi, sannan ƙofa ta buɗe. Haka dakatar da biza da Daular Larabawa ta yi daga 2022 zuwa Yulin 2024: 'yan Kwari da masu gwal da wayoyi sun ji ta a aljihunsu fiye da kowane taron zuba jari.

Akwai kuma kasuwar da ke bakin ƙofa, wadda ba a cika tura mata tawaga ba don ba ta da otal mai hawa hamsin. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a Yamai a watan Yulin 2019, wata guda bayan nan ta rufe iyakokinta na tudu, sai Disamban 2020 aka buɗe. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sake jawo rufewa na watanni. Masu sayen kayan Kano na haƙiƙa daga Maraɗi da Damagaram da Njamena da Garwa suke zuwa, da kuɗinsu a jaka, kuma duk rufewar da aka yi a Kwari da Singa aka fara jin ta.

Kwanan baya na koma wurin dattijon nan. Sito ya yi sauƙi, mata sun dawo tsinta. Na tambaye shi ko ya sami mai gidan da yake nema a waje. Ya yi dariya ya zaro waya. Ɗan ƙaninsa ne ke zaune a Guangzhou shekara shida, shi ke tarbar mutanen Kano a filin jirgi, ya kai su masauki, ya yi musu tafinta a masana'anta, ya duba kaya kafin a rufe kwantena, ya ɗauki la'adarsa. Yanzu har riɗi yake nemar wa baffansa masu saye. Yana cikin nuna mini hotunan da yaron ya turo ta WhatsApp sai saƙon murya ya shigo: "Baffa, mutumin ya ga samfur, ya ce yashi ya yi yawa, a sake tankaɗewa." Dattijo ya ajiye wayar, ya ƙwala wa yaron sito kira a kawo rariya.